Zagaye Goma Sha Ɗaya

Na yi wa kakana ƙarya yana kwance a gadon da ya rasu a kai. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Mama, ko Fasto, ko littafin da nake rubuta sirrina a ciki. Na sa wannan a layin farko ne domin na san halina. In na fara da gaisuwa, zan yi ta gaisuwa har lokacina ya ƙare, in koma kujerata ban faɗi komai ba.

To, ya fita. Yanzu sai in gaishe ku.

Mai girma shugabar garin Varnum, Madam Halvorsen. Fasto Reinke da dattawan wannan majami'a. Shugaban 'yan kwana-kwana na sa-kai da mutanensa, waɗanda suka ɗauki akwatin gawa a kafaɗunsu watan jiya. Mista Merle Tibbets, shugaban ƙungiyar Zakarun Zagaye, da sauran zakaru da suka cika layuka uku na gaba da jajayen jaket. Kaka Ardis. Mama. Kawu Glen da iyalinsa da suka taso tun daga Omaha. Maƙwabta da abokan arziki, sannunku da zuwa.

Sunana Maren, jikar marigayi Wendell Kruse. Shekarata goma sha shida. Yawancinku ba ku taɓa jin muryata ba, ni ce wadda ke zama a kujerar ƙarshe da littafi a cikin littafin waƙoƙin coci. Idan muryar ta yi rawa ku yi haƙuri, ba ta saba fita ba.

Mista Tibbets ne ya zaɓe ni in yi jawabin tunawa da kakana. Ina tsaye a wurin ya ce wa Mama, “A ba 'yar nan mai karatu, ita za ta sa matan su yi kuka.” Ya ce in kawo masa jawabin tun da wuri ya duba, domin za a buga shi a takardar ƙungiya. Na kai masa shafi biyu. Akwai faɗuwar rana a ciki, da iska tana kaɗa gashin 'yan mata, da zuciyoyi biyu suna bugawa tare. Ya karanta, ya cire tabarau ya goge ido, ya ce, “Yarinya, kin san zamaninmu kamar a ciki kika rayu.” Mista Tibbets, daga littattafan soyayyata na tsinto shi, inda aka ce doki na sa mota. Wanda ke hannuna yanzu daban ne. In za ku buga, wannan za ku buga.

Mu mutanen Varnum mun yi rashi, wannan ba ƙarya ba ne, kuma da shi zan fara.

Ya kasance ɗan kwana-kwana na sa-kai shekara talatin da huɗu. Ranar da rumbun masara ya kama wuta, shi ya hau tsani na biyu bayan na farko ya karye da wani. Tabon yana nan a wuyansa har muka rufe shi.

Ya kasance mai gyaran motar makaranta ba da an sa shi ba. Da yawa daga cikin iyayen da ke zaune nan sun isa aji a kan lokaci ranakun da ƙanƙara ta daskarar da komai domin Wendell Kruse ya riga kowa kwanciya a ƙarƙashin motar da fitila a baki.

Ya kasance mai share dusar ƙanƙara. Duk hunturu yakan ɗaura farantin ture ƙanƙara a gaban a-kori-kurarsa ya bi layin tsofaffi da zawarawa, ba ya ƙwanƙwasa ƙofa, ba ya jiran kofi. Akwai wani layi guda da yake sharewa tun daga farko har ƙarshe, kowane gida, shekara da shekaru, alhali ba hanyarsa ba ce. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Ya kasance kakana. Duk Asabar ina garejinsa, ina zaune a kujerar baya ta jar motar nan da kuka gani an ajiye a ƙofar coci da furanni, ina karatu, shi kuma ƙafafunsa kaɗai ake gani daga ƙasa.

“Gimbiya, yau wa ya sace wa? Attajirin nan mai tabo ko matuƙin jirgin?”

“Kaka, don Allah bari mana.”

“To in sun gama sumbatar juna miƙo min sifana mai lamba goma.”

Rediyon motar kuwa kullum a kunne. Tsohuwa ce mai maɓallai biyar, matsakaicin zango kaɗai take kamawa, in an kunna ta sai an jira ta ɗumama kamar tsohuwa da safiyar sanyi. In hadari ya taso ko a gari na gaba ne, sai ta yi ta tartsatsi. Tashar garinmu yanzu ba ta da abin faɗa sai farashin masara da na alade da sunayen waɗanda suka mutu. A nan aka sanar da rasuwarsa, tsakanin farashin alade da tallan takin zamani. Amma bai taɓa matsar da allurar daga wurin ba. Na taɓa miƙa hannu zan murɗa, ya ce daga ƙarƙashin mota, “Bar ta nan. A nan na bar ta.”

Na ɗauka ƙaunar zamaninsu ce, irin wadda kuke da ita. Domin ku, zakaru, ba ku da wata hira. Tun ina ƙarama nake jin ta a kowane biki, a kowace jana'iza, a bakin kowace tukunyar kofi. Lokacin duniya na kwance! Lokacin mota na mota, waƙa na waƙa! Zagaye, Zagaye, Zagaye, kamar wata ƙasa ce mai nisa da aka kore ku daga cikinta.

Na auna Zagayen nan da ƙafata. Daga rumbun masara zuwa shagon askirim, layi tara ne. Minti goma sha biyu, kuma na tsaya ɗaure takalmi. Wannan ce ƙasar da kuke kuka a kanta. Samari su ari motar ubansu, su shafa mai a ka, su sauke gilas su rataya gwiwar hannu a taga, su je ƙarshen titi su juyo, su sake zuwa su sake juyowa, kamar ƙuda a cikin kwalba. Shekara sittin kuna ba da labarin tafiyar da ba ta taɓa fita daga gari ba. Yanzu kuma sau ɗaya a shekara kuna fito da motocin daga ƙarƙashin mayafi, ku matse tumbi a bayan sitiyari, ku ƙara ƙarfin na'urar ji, ku sake yin layi taran nan a hankali, jikokinku suna ɗaga muku hannu don an ce su ɗaga. Mista Duane Holub yakan kwana uku yana goge ƙarfen gaban motarsa. Matarsa ta yi wata biyu tana jinya, da motar haya take zuwa ganin likita, domin kada warin magani ya kama kujera.

Kuna yawan ce mana, “Ku yaran yanzu kun san me? Kowa da abinsa a kunne, kowa shi kaɗai. Mu tasha ɗaya muke ji, garin nan kaf, taga a buɗe. In ka tsaya a bakin titi waƙa ɗaya ce ke wucewa ta mota arba'in.” Gaskiya ne, kuma na yi shekaru ina jin kishinku a kan wannan. Ina kwance ina tunanin yadda zai yi daɗi a kira sunanki a rediyo gari duka ya ji. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin ɗaya gefen ba, cewa in tasha ɗaya kowa ke ji, duk abin da aka faɗa a kanki babu wanda bai ji ba.

Ga waɗanda ba su kai shekarun ba, ga yadda al'adar take. In saurayi yana son yarinya, sai ya rubuta takarda ya jefa a akwatin gidan rediyo kafin Juma'a. Ranar Asabar da yamma mai gabatarwa zai karanta, waƙa daga wane zuwa ga wance, yana jiranta ƙarƙashin agogo. In ta yarda, da ƙarfe bakwai za ta zo ta tsaya ƙarƙashin agogon banki. Shi kuma in ya iso sai ya taka birki, ya miƙa hannu ya buɗe mata ƙofa daga ciki, motocin baya su yi ta danna hon. Rabin auren da ke cikin wannan zaure daga nan ya fara, kuma kuna son ba da wannan labarin.

Akwai kuma maganar da mu duka muke yi a garin nan, har mu 'yan makaranta. In aka yi wa yarinya alkawari aka ƙi zuwa, sai mu ce an bar ta ƙarƙashin agogo. Ni kaina na faɗa, na yi dariya. Na ɗauka magana ce kawai da ta faɗo daga sama. Ban san mutum ce ba.

A watan Maris, lokacin da aka sauko da gadonsa falo aka sa masa robar numfashi a hanci, wata rana Kaka Ardis ta fita sayayya, sai ya kira ni.

“Gimbiya, ajiye attajirin nan ki je gareji. Ɗan akwatin gaban mota, ƙarƙashin taswira.”

Ambulan ne, ya yi ruwan ƙasa don tsufa. Akwai suna da adireshi da rubutunsa. A kusurwa kan sarki ne har guda biyar, an lilliƙa su gefe da gefe, kowanne na zamani daban. Duk lokacin da kuɗin aika wasiƙa ya ƙaru sai ya ƙara ɗaya, ya mayar da ita ƙarƙashin taswira. Adireshin kuwa a layin nan yake, wanda yake sharewa tun daga farko har ƙarshe.

Ya ce, “Hannu da hannu. Kada ki jefa a akwati. Ki tsaya har ta karanta.”

Na ce, “In ta tambaye ni fa?”

“Ba za ta tambaye ki ba, ta san rubutuna. In ta zage ni, ki haddace zagin ki kawo min. Kada ki rage ko kalma ɗaya, kin ji? Na san ki da gyara zance.”

Ba zan faɗi sunanta ba. An taɓa faɗin sunanta da ƙarfi a garin nan sau ɗaya, ya isa. Wanda ya sani ya sani, wanda bai sani ba kada ya juya yana tambayar na kusa da shi, ina ganinku daga nan. Ba ta cikin wannan zaure. Ba ta taɓa zuwa wani abu da ya shafi motoci ba.

Kun san abin da na ɗauka, ni da littattafaina. Na fita daga gidan ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Shekara sittin na ɓoyayyar ƙauna! Yana share layi guda don kada a gane gida ɗaya yake nufi! Har na raba musu maganganu a kaina, na zaɓa musu yanayin sama. Kaka Ardis, ki yafe min, ko tuna ki ban yi ba. A littattafaina matar da aka aura ba ta da shafi.

Sau biyu na je gidan. Na farko na tsaya a bakin shinge na ƙirga tagogi na dawo. Na biyu tana waje tana ba shuke-shukenta ruwa, ta ɗago ta ce, “Sannu 'yan mata, wa kike nema?” Na ce kyanwarmu ce ta ɓata. Ba mu da kyanwa. Ta tambaye ni launinta, na ce fara, ta ce za ta sa ido. Har yau in mun haɗu a kanti sai ta tambaye ni ko an gan ta.

Na uku ban je ba. Na ɗora buta a wuta, na kara ambulan a tururi, kamar yadda wata baiwar Allah ta yi a wani littafi, na buɗe wasiƙar da ba tawa ba.

Ba zan karanta muku ba. An riga an karanta ta sau ɗaya ba da izini ba. Amma abin da ya faru ba sirri ba ne, a tsakiyar titi aka yi shi da rana tsaka, gari duka na kallo, don haka shi zan faɗa.

Wata Asabar a watan Yuli na 1963, mai gabatarwa ya karanta takarda, waƙa daga Wendell Kruse, mai jar mota, zuwa ga wata yarinya 'yar shekara goma sha shida, mai kunya, wadda ba a taɓa aika wa komai ba. Shekarunmu ɗaya. Ta sa koriyar riga ta zo ƙarƙashin agogo da ƙarfe bakwai. A watan Yuli ƙarfe bakwai rana na nan sarai, babu inda mutum zai ɓuya. Jar mota ta taho daga wajen rumbun masara, samari uku a ciki. Ta rage gudu. Ta wuce.

Ta je shagon askirim ta juyo, ta sake wucewa. A zagaye na uku sauran motoci sun gane wasan, suka fara danna hon, irin hon ɗin da ake yi wa wadda aka buɗe wa ƙofa. Yarinyar ba ta motsa ba. Wataƙila tana ganin in ta tafi ta yarda ke nan, wataƙila ƙafafunta ne suka ƙi, ni dai na san irin wannan tsayuwar. A zagaye na huɗu kakana ya ɗage ƙafa daga totur, sai na kujerar gefensa ya ce, “In ka tsaya, sauke mu tukuna, kada a gan mu da ita.” Ya mayar da ƙafarsa. Sau goma sha ɗaya. Ya ƙirga. Sai da agogo ya buga takwas ta juya ta tafi gida, a hankali, ba ta yi gudu ba.

Na juya wasiƙar ina neman inda zai ce yana sonta, tsoro ne ya hana shi. Na duba baya, na duba cikin ambulan. Babu. Bai ba kansa wannan mafakar ba. Ya ce shi ya rubuta takardar rediyon da hannunsa, don a yi dariya, kuma ya yi dariyar. Ya ce bai nemi ta yafe ba, yana so ne ta san cewa akwai mutum ɗaya a garin nan da bai ɗauki abin wasa ba.

Kun san abin da ya fara zuwa raina? Haushi. Ba don ita ba, don ni. An ɓata min labari. Na liƙe ambulan ɗin, na cusa shi cikin littafin da nake karantawa, na tura ƙarƙashin katifa. Na ce wa kaina ina kare sunan kakana ne, ina kare Kaka Ardis. Gaskiyar ita ce ba zan iya tsayawa a gaban matar nan tana karanta wannan ina kallonta ba, ni da ko sunan abinci ba na iya faɗa wa mai sayarwa sai na maimaita a zuci sau uku.

Washegari kakana ya ce, “Kin kai?”

Na ce na kai.

“Me ta ce?”

Da na tsaya a nan ma da sauƙi. Amma kun san ni da gyara zance. Na ce ta zauna a bakin matakala ta karanta sau biyu. Na ce ta rungume takardar a ƙirjinta. Na ce ta ce in gaya masa ta yafe tuntuni, ya kwantar da hankalinsa.

Ya daɗe yana kallona, robar nan tana huci a hancinsa.

“Ta ce haka?”

“Haka ta ce, Kaka.”

“Ba halinta ba ne,” in ji shi. Can kuma ya ce, “To, madalla,” ya rufe ido.

Ya ƙara wata uku a duniya bai sake tayar da maganar ba. Ko ya yarda, ko ya gane ya ƙyale ni don tausayi, har yau ban sani ba, kuma babu wanda zan tambaya. Abin da na sani shi ne mutumin ya yi shekara sittin yana tara ƙarfin halin karɓar zagi ɗaya, ni kuma na ba shi alewa. Matar kuwa, na ari bakinta na yafe da shi ba ta sani ba. An taɓa amfani da sunanta don a ji daɗin yamma ɗaya, ni ma ga shi na yi amfani da shi don in samu barci. Don haka in kun ji ina muku tsiya, kada ku ɗauka na cire kaina. Jinin Zagaye ne a jikina, na je ƙofarta na rage gudu na wuce.

Amma ni aƙalla abin yana hana ni cin abinci. Ranar jana'iza, a farfajiyar nan, ana shan kofi da kek, na tattara duk ƙarfin da nake da shi na je wurin Mista Tibbets da Mista Holub. Na ce, “Don Allah, wace ce aka fara bari ƙarƙashin agogo?”

Mista Tibbets ya yi dariya har kofi ya zuba masa a jaket. “Ke, wa ya tono miki wannan? Wasan yara ne! Ita ma da nata, wace mai hankali za ta yarda Wendell Kruse ya aika mata waƙa? Babu madubi a gidansu ne?”

Mista Holub ya ce, “Kai Merle, ba ka da dama. Sau nawa ma muka zagaya? Shida? Bakwai?”

Na ce, “Goma sha ɗaya.”

Suka dube ni. Mista Holub ya ce kek ɗin nan wa ya yi shi, ya yi daɗi.

Ba a fi awa ɗaya da rufe abokinku ba. Ku ne kuka zauna a motar, ɗaya a gefe ɗaya a baya, ba ku ma riƙe lissafin ba. Shi ya riƙe. Wannan ne bambancinsa da ku, kuma shi ne abin yabo mafi girma da zan iya faɗa a kansa yau, ya fi tsanin rumbun masara. Ya kasance mutumin da ya aikata mugun abu yana ɗan shekara goma sha bakwai, bai taɓa mayar da shi labarin dariya ba. Ya kasance yana sa jar jaket ɗinku, yana zuwa taronku, amma in kun fara “lokacin duniya na kwance” sai ya tashi ya ce zai duba mai. Na sha ganin haka, na ɗauka fitsari ne irin na tsofaffi. Ya kasance matsoraci kuma, ba zan ɓoye ba. Kan sarki biyar, ga gidan waya a layi na uku. Share ƙanƙara ya fi masa sauƙi a kan ƙwanƙwasa ƙofa, har ya bar wa yarinyar da ta fi kowa tsoro a garin nan aikin. Ina sonsa, kuma ina jin haushinsa, kuma na gaji halinsa.

Kaka Ardis, yau kika fara jin ƙaryata, a gaban mutane, ki gafarce ni. Ke ba 'yar garin nan ba ce, sai bayan shekara huɗu da wannan abu kuka haɗu. Ban san abin da ya gaya miki ba. Na dai lura tun da nake ba ki taɓa shiga motar nan ranar Zagaye ba, kullum ranar kike ciwon kai. Kuma a gidanku ke kike sayo kan sarki. Ba zan tambaye ki ba. In kina so ki gaya min wata rana, ina nan.

Mama, na san kina so ƙasa ta tsage. Ki yi haƙuri. Kin sha cewa in buɗe baki in yi magana.

Mu mutanen Varnum, abu ɗaya nake roƙo. Maganar nan ta ƙarƙashin agogo, mu bar ta. Tana da mai ita, tana raye, tana zuwa kanti, kuma shekara sittin tana jin yaran da ba su san ta ba suna wasa da ranar da ta fi kowace muni a rayuwarta. Zakaru kuma, waɗanda suka zauna a motar da waɗanda suka danna hon a baya, gidan waya na buɗewa ƙarfe tara ranar Litinin. Kan sarki ɗaya ya isa.

Na gode wa Fasto da ya ba mu zaure, da matan coci da suka yi girki tun jiya, da 'yan kwana-kwana, da duk wanda ya zo ya zauna da Kaka Ardis a makonnin nan. Na gode da ba ku kashe min lasifika ba. Ubangiji ya ji ƙan bawansa Wendell Kruse, ya auna shi da jinƙai, ya ba shi hutun da ni na yi ƙoƙarin ba shi da ƙarya. Ya ƙarfafa matarsa da 'ya'yansa. Ya sa albarka a gidan da ban faɗi sunansa ba, ya kuma gafarta mana, mu da muka yi dariya ba mu tambaya ba. Amin.

An sanar cewa da ƙarfe bakwai na yammar yau mota arba'in za su yi Zagaye don tunawa da shi, gidan rediyo zai sa tsofaffin waƙoƙi na awa ɗaya, kowa ya sauke gilas. An ce an ajiye min kujerar gaba a jar mota, Kawu Glen zai tuƙa. Kawu, a ba wani. Wasiƙar tana cikin littafin nan da kuka ga na hau da shi. Da ƙarfe bakwai zan bi ta bayan gari da ƙafa, kada kowa ya biyo ni, kada kowa ya danna hon. Zan ƙwanƙwasa. Zan gaya mata ba mu da kyanwa, na buɗe wasiƙarta, na kuma yi magana da bakinta. Sannan in miƙa mata hannu da hannu, in tsaya har ta karanta, in ta bar ni na tsaya. Duk abin da ta faɗa zan haddace, gobe da safe in kai masa maƙabarta, ba zan rage ko kalma ɗaya ba.